Shekarar da Na Nemi Riga Mai Zuba a Gwanzu

Duk sanda aka taru a gidan nan da Sallah, sai Mamanku ta ɗauko labarin shekarar da na ƙi dawowa gida saboda singileti. Ba ƙarya take yi ba. Sai dai tana farawa daga ƙarshe, ta tsallake tsakiya, ku kuma ku yi ta dariya kuna kallona kamar wanda notin kansa ya kwance. To yau ga nawa ɓangaren. Ummi, ke kika fi kowa haƙƙin ji, don a shekarar aka haife ki.

Makarantar kwanan da na yi a bayan Kano gidaje huɗu gare ta, kowanne an sa masa sunan wani tsohon gandu na yankin. Mu Gidan Tsauni ne. Abokan hamayyarmu Gidan Fadama, masu koriyar riga, muna ce musu kwaɗi. Su da sauran gidaje biyun suna kawai suka ara, ko hanyar gandunsu ba su sani ba. Mu namu yana nan da ransa, tafiyar hantsi guda a ƙafa. Wani attajiri ne na zamanin da ya kafa shi a gindin dutse: soron ƙasa mai bene, rumbuna a jere, mangwaron da ba wanda ke hana ka tsinka, da wata rijiya mai sanyin da ke sa haƙori tsami. Bayan soron akwai gonar karan dafi, wato dawar nan da ba don ci ake shuka ta ba, sai don jan da ke jikin karanta, wanda dukawa ke rina fata da shi. Da kaka, hausmastanmu Malam Tanimu, malamin da ke kula da gidanmu, zai sa mu a gaba, kowa da farar singiletinsa a kafaɗa, mu tafi gandu. Sarkin gandu ya ba mu izini mu ɓare kara, matansa su ɗora manyan tukwane su zuba kanwa, mu tsoma rigunanmu, mu shanya a kan dutse. Da yamma dutsen nan kamar an yanka shanu. Rinin ba ya kamawa sosai, kuma nan ne daɗin yake. Ranar intahaus, gasar gidaje ke nan, da ka yi gumi sai rigar ta zuba a jikinka. Idan an gama gudun dogon zango, Malam Tanimu ba ya tambayar na nawa ka zo. Jera mu yake yi ya ce kowa ya ɗaga riga. Wanda ƙirjinsa ya yi ja, ya yi gudu, ko da shi ne na ƙarshe. Wanda ƙirjinsa ke nan tas, ko kofi ya ɗauko, sai ya share ɗakin kwana har ƙarshen zango. 'Yan Fadama suna ce mana yankakkun zakaru. Mu kuwa ko wanka ba ma son yi ranar.

To shekaru suka ja, na bar makaranta, na shiga shagon takalman Yaya Sabo a Sabon Gari, ya riƙa aikena saro kaya. Na yi Legas, na yi Kwatano, na yi Dubai, daga ƙarshe ƙafa ta kai ni Guangzhou, da muke cewa Gwanzu. Lokacin mu baƙaƙe ba mu da yawa a garin. In ka hango wani a titin Liuhua, tsallaka titi za ka yi ku gaisa ko ba ka san shi ba. A wani ƙaramin otal kusa da tashar jirgin ƙasa muke sauka, mu uku a ɗaki. Akwai Alhaji Isufu, mutumin Maraɗi, wanda ya riga mu zuwa kuma yana jin yaren Sinawa daidai na ciniki da faɗa. Sai kuma, cikin duk mutanen duniya, Habu. Habu ɗan ajinmu ne, ɗan Gidan Fadama, kwaɗo na asali. Ya yi ƙiba, ya zama mai sayar da jakunkunan mata, amma bakin nan yana nan. Da asuba in ya tashe ni sallah ba ya kiran sunana.

"Zakara, tashi ka yi cara, gari ya waye."

"Kwaɗo, kai da ka kwana kana kuka a fadama, wa ya samu barci?"

Alhaji Isufu sai ya girgiza kai ya ce 'yan Najeriya ko sun yi furfura ba su gama makaranta ba.

Ana gobe ko jibi a ɗauki azumi na sauka ƙasa na buga waya shago, kamar yadda na saba. Ba salula lokacin, layi kake bi a kantar otal. Yaya Sabo ya ce akwai wani tsoho da ke ta zarya yana nemana, ga shi ma a zaune. Da na ji muryar Malam Tanimu, wallahi sai da na miƙe tsaye na cire hannu daga aljihu.

"Lawandi, an ce kana ƙasar da ake yin komai."

"Ranka ya daɗe, Malam, kusan komai."

Ya ba ni labari a taƙaice, don ya san waya tana cin kuɗi. Sarkin gandu ya rasu. Magada sun raba Gandun Tsauni, an yanka filaye, an rushe soro, karan dafi ko na magani ba a shukawa. Yaran gidanmu sun koma gudu da farar riga kamar masu zaman makoki. Sabon firinsifal ya ce daga zango mai zuwa an daina sunayen gandaye, za a koma Gidan Ja, Gidan Kore, kamar kowace makaranta. Shi kuma Malam ritaya zai yi. Intahaus ɗin da za a yi bayan Sallah shi ne na ƙarshe da za a kira sunan Tsauni a lasifika.

"Ina son in ga yaran nan cikin rigarsu sau ɗaya kafin in tafi. Ba ja kawai ba, Lawandi. Ka san irin wadda nake nufi."

Na ce na sani. A raina na ce wannan ai aikin yini biyu ne. Garin da za ka nuna hoton takalmi da safe a kawo maka shi da yamma?

Bayan shagunan takalma na titin Zhanxi akwai wata mata mai ɗinka kayan wasanni, muna ce mata Loban, wato shugaba, don haka ake kiran duk mai shago a can. Gajeruwa ce, tabarau a kan hanci, fulas ɗin shayi kullum a hannu. Alhaji Isufu yana yawo da ɗan ƙullin karan dafi a jakarsa don maganin jini, da kanwa, da kuka, da daddawa, kamar mai shirin buɗe kasuwa. Na roƙe shi, muka dafa a butar shayi, na rina ƙyalle na kai mata. Ba a yi nisa ba ta kira mu, ta shimfiɗa samfur a kan tebur. Launin ya fito sak. Sai ta ɗauki fulas ta tuttula ruwan zafi a kai, ta sa farin hankici ta goge da ƙarfi, ta ɗaga mana shi fari fat. Tana murmushi, tana jiran yabo.

Na ce da Alhaji Isufu, "Gaya mata ya yi kyau, amma mai zuba nake so."

Ya juyo ya dube ni. "Mi ka ce?"

"Mai zuba. In an yi gumi ta sauka a jiki."

"Wallai ban hwaɗin wannan. Mutuncina na ciki."

Da ƙyar ya faɗa. Murmushin nan ya ɗauke kamar wutar lantarki. Ta yi magana mai tsawo, tana buga tebur. Alhaji Isufu ya ce wai ta san wanda ya turo ni, mai shagon can na ƙurya ne, so yake a kai kayanta Afirka su zuba a ɓata mata suna. Ta naɗe samfur ta cusa a durowa, ta nuna mana ƙofa.

"Meyo! Meyo!"

Babu ke nan. Kalmar da kowane ɗan kasuwa ya fara koya.

Masu rini mai zuba kuwa ba su yi wuyar samu ba, wasu ma ba sai ka roƙa ba. Amma nasu na kemikal ne. Wani ƙyallen nasu na ɗaura a hannu na kwana da shi, na tashi da ƙuraje. Na ce ba zan sa wa 'ya'yan mutane wannan ba. Azumi ya shiga, takalman Sallah na Yaya Sabo sun kammala suna jirana, ni kuwa ina yawo lungu-lungu da jan ƙyalle a aljihu. Alhaji Isufu ne, don ya gaji da ni, ya ce mu gwada kasuwar masu magungunan gargajiya. Can, tsakanin busassun kifaye da saiwoyi da abubuwan da ban so in san sunansu ba, muka ga buhun wani itace da aka faskara ƙanana, ja kamar an tsoma a manja. Muka saya, muka dafa da kanwa. Ya ba da ja mai duhu, ɗan'uwan karan dafi, ba uwa ɗaya ba amma uba ɗaya. Na rina singileti guda. Saura a gwada, saura kuma a samu mai manyan tukwane da farar auduga zalla, don roba ba ta shan irin wannan rini. Kuma a duk wanda na sani, Loban ce kaɗai ke da su.

Ni ba na gumi da wuri, ga sanyi ana yi. Habu kuwa ko kwanon tuwo ya kalla sai goshinsa ya jiƙe.

"Ni? Ɗan Fadama in sa rigar Tsauni? Da azumi a bakina? Zakara, ka sha wani abu ne?"

"Hawa biyu kawai na matakala, Habu, ka yi gumi a gaban Loban."

"Ko a mafarki."

"Malam Tanimu ne fa. Shi ya ɗauke ka a kekensa zuwa asibiti ranar da kunama ta harbe ka, alhali ba ɗan gidansa ba ne kai."

Ya ɗauki singiletin ya jujjuya ta. Can ya ce zai sa, amma in rantse ba mai ji muddin yana raye. Na rantse, kuma na cika. Allah ya jiƙan Habu. Da yana nan, da wannan babin bai rubutu ba.

Muka koma wajen Loban. Tana ganinmu ta ɗaga hannu za ta fara meyo, Alhaji Isufu ya ce ta yi haƙuri ta kalla kawai. Habu ya sa jar singileti, ya ɗora rigar sanyi a kai, ya kama matakalar kasuwar, sama da ƙasa, sama da ƙasa, yana haki yana zagina da Hausa. Masu shaguna suka fito, 'yan dako suka ajiye kaya, har wasu na tafa masa. Da ya tsaya, na gyara tsayuwa irin ta Malam Tanimu, hannu a baya, na turo baki, na yi masa alama ya ɗaga riga. Tumbin nan ya fito jajir. Na dangwala yatsa, na duba, na gyaɗa kai. Sannan na nuna da hannu tsayin yara, na yi alamar gudu, na yi alamar tsoho mai sanda. Loban ta cire tabarau. Ta yi dariya har ta zauna a kan katan tana share hawaye. Ta tambayi Alhaji Isufu wani abu, ya amsa, ta sake tambaya a hankali.

"Ta ce malamin tsoho ne ƙwarai? Na ce i. Ta ce za ta yi."

Amma da sharaɗi. Ba za ta sa sunanta a jikin ko ɗaya ba. Rini kuma ni zan yi da hannuna, a rumfar ƙaninta can wajen unguwar Baiyun. Sannan tukwanen ba za su samu ba sai ta gama odar mutane, dab da sabuwar shekararsu, lokacin da ma'aikata ke watsewa gida. Na lissafa a kaina. Bayan Sallarmu ke nan.

Ku gane, tikitina na tsakiyar azumi ne. A zamanin nan kaya ba sa tafiya da kansu, sai mai su ya bi su, ya tsaya a kansu a kowane filin jirgi. Takalmin Sallah kuma in ya wuce Sallah ya zama takalmi kawai. Ga Mamanku da tsohon ciki, na fari, ba mu daɗe da aure ba. Habu ya zaunar da ni ya ce, ba wasa a muryarsa, in saya jajayen da ba sa zuba in tafi gida, tsoho ba zai ce komai ba. Gaskiya ya faɗa, Malam ba zai ce komai ba. Zai karɓa ya sa albarka. Abin da na kasa ɗauka ke nan, in tsaya ina kallo ya jera yara ya rasa abin da zai ce su ɗaga.

Na ba ejan da ke tura kaya takalman na ce ya yi iya ƙoƙarinsa. Yaya Sabo ya saurare ni har na gama, ya ajiye waya ba sallama. Mamanku kuwa sai da aka kira ta gidan maƙwabta masu tarho.

"Ban gane ba. Rigar ce ba a samu ba?"

"An samu. Mai kyau ce ta yi yawa."

"Wato kana can ƙarshen duniya kana neman marar kyau."

"Kusan haka."

"To Allah ya ba da sa'a. In na haihu sai in ce wa yaron babansa na wajen rini."

Habu ya tafi, Alhaji Isufu ya rage saboda nasa kayan. Na yi Sallah a tsohon masallacin da ke kusa da tasha, cikin Sinawa Musulmi masu fararen huluna, muka ci taliya da naman sa a tsaye a bakin titi. Ba tuwon Sallah, ba yara masu yawon barka. Ranar na ji ɗacin abin da na zaɓa. Bayan kwana kaɗan aka ce min an haifi mace. Aka yi suna ba ni. Takalma suka yi zamansu a hanya, suka iso bayan kowa ya gama ado.

Rumfar ƙanin Loban tana ƙarƙashin hanyar jirage, in ɗaya zai sauka har kwanon rufi sai ya yi rawa. Nan na yi kwanaki ina dafa itace da kanwar Alhaji Isufu, har ta ƙare muka koma toka. Ina tsomawa, ina matsewa, ina shanyawa a kan gora. Safar hannu da aka ba ni ta yage tun ranar farko. Rana ta biyu sai ga Loban ta zo duba mahaukacinta. Ta tsaya tana kallo, ta ga ina juya tukunya ba daidai ba, ta ƙwace muciyar ta naɗe hannun riga.

"Ta ce tun tana budurwa take yaƙi da zuba," in ji Alhaji Isufu, "yau ga ta tana dahwa shi da hannunta. Ta ce kar ka gaya wa kowa a Zhanxi."

Da muka gama, ta cusa min ledar lemo ta ce na yara ne. Na ce shiyeshiye, na gode ke nan, na maimaita har ta kore ni. Ranar da zan bar gari, filin tashar jirgin ƙasa ya cika maƙil da ma'aikata masu tafiya gida hutun shekara, kowa zaune a kan buhunsa, ido a kan ƙofa. Na ratsa su da nawa buhunan a ka. Ban taɓa jin na yi kama da mutanen garin nan ba sai ranar.

Jirgi ya sauke ni Kano da safiyar ranar gasar, bayan kwana a hanya. Habu ne ya zo da mota.

"Zakara, gida ko makaranta?"

Na dubi rana, na dube shi.

"Allah ya shirye ka," ya ce, ya juya kan mota.

Yaran ba su yi murna ba, kar in yi muku ƙarya. Sauran gidaje sun sha rigunan roba masu sheƙi da lamba a baya. Namu suka riƙa juya singiletin suna shinshinawa, wani ya ce warin magani take yi. Ba wanda ya taɓa zuwa gandu a cikinsu. Malam Tanimu ya tsufa, ya rame, amma da ya ce a sa, aka sa. Aka yi gudu cikin rana. Itacen Sinawa ashe ya fi karan dafi zuba, yara suka dawo ja har cikin wando. Malam ya jera su a bakin fili ya ce a ɗaga riga. Suka dubi juna, suka ɗaga. Ya bi layin a hankali da sandarsa, yana duba ɗaya bayan ɗaya. Tun bai kai tsakiya ba yaran suka fara leƙen ƙirjin juna, suna gardamar wa ya fi ja, wani ƙaramin da ya zo na ƙarshe yana ihu a zo a ga nasa. Da Malam ya kai ƙarshen layi bai juyo ba. Ya daɗe a tsaye yana kallon wajen dutse. Sannan ya miƙo min hannu ta baya, na kama.

Zango na gaba aka canja sunan kamar yadda aka ce. Yaya Sabo kuma ya riga ya sa wani a gurbina, sai da na yi shekaru ina tallan takalmi a bayan mota kafin na samu shagon kaina. Ban ga laifinsa ba.

Da la'asar na isa gidan su Mamanku, inda take wankan jego. Ta fito da ke a kafaɗa, Ummi, cikin farin zane. Ba ta ce sannu da zuwa ba. Na miƙa hannu zan karɓe ki, ta ja da baya tana kallonsu, ja har wuyan hannu, farce baƙi.

"Ko amarya albarka. Je ka wanke."

Na wanke da sabulu, na wanke da toka. Na dawo yadda na tafi. Ta dube ni daga sama har ƙasa.

"To, an ci?"

"Na uku muka zo."

"Cikin nawa?"

"Cikin huɗu."

Ta rufe ido ta buɗe. Na ga gefen bakinta yana rawa, tana danne dariya.

"Su Habu fa?"

"Su ne na huɗun."

"To da sauƙi," ta ce. "Zauna. Tallafi kanta da kyau, ba buhu ba ce."